Littafin Takwarar Inna

Ni ce 'yar farin Inna, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan yake nufi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in miƙo mata wani abu sai ta ce "ke", in kuma da mutane a wurin ta ce "waccan". In aka tambaye ta 'ya'yanta, daga ƙanena take fara lissafi. In na durƙusa na ce "Inna, ina kwana", ba ta amsawa, sai ta yi ɗan tari ta ci gaba da abin da take yi. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Inna ta riƙe ta hannu bibbiyu, har matan ƙauyenmu, can gefen Sule Tankarkar, suna ba da misali da ita. Ni kuwa da aka yi kunyar a kaina, ban taɓa ganin abin yabo a ciki ba.

Da aka yaye ni, kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa Gagarawa Tasha. A can na girma, a can na yi firamare, gida sai da salla ko in ana biki. Ƙannena kowa da labarinsa. Wannan ya yi ƙyanda har aka fid da rai, wancan ya fara tafiya ranar da aka yi ruwan ƙanƙara, auta ya ciji wanzami ranar kaciya. Ni ba ni da ko ɗaya. Kakata ta san ni daga yaye zuwa sama, abin da ya gabaci haka kuwa mutum ɗaya ce ta sani, ita kuma bakinta a rufe. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to na tambayi fuskar Inna har na gaji. Na sha tambayar kaina ko mantawa ta yi, ko dama can ba ta kula ba. Wannan tambayar ta bi ni har ɗakin aure, kuma tana yi mini ciwo fiye da yadda nake nunawa.

Na yi karatu, na zama malamar firamare a Gumel, na yi aure, sai haihuwa ta ƙi zuwa. Mun nemi magani, na asibiti da na gida, har na daina zuwa sunan mutane saboda kallon tausayi. Da Allah ya kawo cikin, na riga na wuce shekarun da ake ce wa mace yarinya. A lokacin ne wata abokiyar aikina ta nuna mini a wayarta wani irin littafi da ake saya wa jarirai. Da shafin suna, da na wankan farko, da na ranar da yaro ya fara murmushi, da na haƙori, da wurin manna hoto. Na ce a raina, in Allah ya sauke ni lafiya, abin da zan haifa ba zai tashi babu labari ba. Amma ban saya ba, don ko ni da bokona ban isa in yi wa ɗan da bai zo duniya ba sayayya.

Cikin damina na haihu, mace. Maigidana ya so in yi jegona a Gumel kusa da asibiti, sai Inna ta aiko ƙanena da magana ɗaya, wai itacen wanka yana nan ta tara tun rani. Haihuwar fari gida ake zuwa wanka, ko mace ta kai shekara nawa, don haka aka kwashe mu sai ƙauye. Ranar suna maigidana ya sa wa yarinyar sunan Inna. Da aka gaya mata, sai ta miƙa hannu aka ba ta jaririyar, ta ce, "Sannu da zuwa, takwara."

Wankana gwaggona ce take yi mini, ƙanwar babana, mace mai hannu kamar muciya da baki wanda ya fi hannun zafi. Inna takan tafasa ruwan, ta jefa ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa, amma ba ta shiga inda nake. Jaririyar kuwa tata ce, don kunyar ba ta shafar jika. Safe da yamma takan zauna a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa, ta ɗora yarinyar, tana wanke ta tana yi mata surutu. A kwanakin nan na ji maganar Inna fiye da duk wadda na ji a rayuwata, ba kuma da ni ake yi ba. Ni ma a al'ada ya kamata in kau da kai daga tawa 'yar farin. Ban kau ba. Ina rungume ta a gaban kowa, gwaggo tana cewa, "'Yan boko ba ku da ta ido. Ki bari dai baƙi su fita."

Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, don haka ƙanena na aika ya nemo mini littafin nan. Direba ne, yana ɗaukar riɗi da dabbobi, kuma ba ya fashin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Na yi masa bayani har sau uku bai gane ba. Daga ƙarshe ya tsaya a shagon wani mutumin Damagaram mai sayar da littattafai, ya kira ni ya haɗa mu. Mutumin ya ce, "A, kayen jarirai kike nufi, hajiya," wato littafin rubutu da bakinsu na can. Ya ba shi kala uku, ya ce in zaɓi ɗaya a mayar masa da sauran kasuwa mai zuwa.

Da la'asar ƙanena ya shigo ya zube su a kan tabarma. "Yaya," ya ce, "yarinyar da ko wuyanta bai tsaya ba za a sa makaranta?"

Na farko da Faransanci yake, daga ƙetaren iyaka ya zo, ba na iya karanta ko layi ɗaya. Na biyu da Turanci, ruwan hoda, bangonsa yana ƙyalli, kowane shafi cike da zanen zomaye da furanni, an bar ɗan layi ɗaya ko biyu na rubutu, ga wata 'yar jaka a ƙarshe ta ajiye gashin jariri. Na uku kore ne, mai taurin bango, ba ado ko kaɗan. A saman kowane shafi an rubuta abin da ake so da Hausa da Turanci, sauran kuwa layuka ne fetal har ƙasa. Da ganinsa sai na tuna rajistar ajinmu. Zuciyata tana kan mai ruwan hodar tun kafin in buɗe shi.

Muna cikin haka Inna ta shigo da kwanon kunu, ta ajiye shi a gefen tabarma, ba a hannuna ba. Gwaggo ta ce, "Tsaya ki ga ikon Allah. 'Yar fari za a rubuta a littafi, har da ranar da ta yi gyatsa."

Na ɗauka Inna za ta fita. Sai ta zauna, ta ɗauki jaririyar daga kan gado, ta ce wa ƙanena ya gaya mata mene ne a ciki. Inna ba ta yi boko ba. Ya riƙa buɗe mata shafi shafi yana fassarawa, ita kuma tana bi da ɗan yatsa. Da suka zo kan 'yar jakar gashi ta taɓe baki.

"Gashin suna an binne shi, takwara," ta ce wa jaririyar. "Ba a ajiyar gashin mutum."

Ta juya shafin haƙori na mai ruwan hodar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja koren ta buɗe nasa.

"Takwara, kin ga wancan? Duk zomaye sun cinye wurin. Haƙorin yaro ai ba a layi ɗaya yake fitowa ba. Da zazzaɓi, da gudawa, da goyo har baya ya ƙage. Ki ce a ɗaukar miki koren."

Raina ya ɓaci. Matar da ba ta taɓa ba ni labarin haƙorina ba ita ce yau ta san yawan layin da haƙori yake ci. Ban iya haɗiyewa ba. Na juya wajen gwaggo na ce, "Wasu dai ko layi ɗayan ba su samu ba."

"Kul," in ji gwaggo. Ƙanena ya tuna wai ya bar mota a buɗe. Inna ta yi kamar ba ta ji ba, ta kwantar da yarinyar, ta ɗauki kwanon safe da ke bayan ƙofa ta fita.

Na zauna da littattafan nan uku a gabana har aka kira magariba. Mai ruwan hodar nake so, wannan babu ko tantama. Amma tunda nake, Inna ba ta taɓa sa baki a wani abu nawa ba. Ko atamfar aurena ba ta ce wannan ta fi wannan ba. Yau ta ce, ko da ta bakin jaririya ne. Na mayar da biyun cikin leda, na tura koren ƙarƙashin matashi. Da na zo cike shafin farko kuwa, inda aka ce suna, sai na riƙe biro na kasa. Sunan Inna ne, kuma ban taɓa furta shi ba balle in rubuta. Gwaggo ta leƙo ta ga wurin fari fat, ta yi dariya ta ce, "Ashe bokon bai cinye ta duka ba." Har yau shafin nan haka yake.

Washegari da hantsi na ji ana jan kujera 'yar tsuguno a ƙofar ɗakin da nake. Inna ce ta dawo da wankan jaririya nan, wai can ƙofarta ruwan sama ya yi taɓo. Asabari ne kawai tsakaninmu. Ina kishingiɗe ina jin ƙarar ruwa a baho, sai na ji ta fara.

"Takwara, ke kam kina da haƙuri. Na san wata yarinya a gidan nan, in aka sa ta a ruwa sai maƙwabta sun leƙo ta katanga. Ana yankan gero aka haife ta. Uwarta tana tsakiyar sussuka abin ya taso, ta ƙi gaya wa kowa don kunya, har sai da taɓarya ta faɗi daga hannunta."

Da farko na ɗauka labarin wata maƙwabciya ne. Sai na tuna kakata ta taɓa cewa da kaka aka haife ni. Na tashi zaune. Sai na jawo koren littafin na buɗe shafin wankan farko na fara rubuta abin da nake ji. Ban yi tunanin cewa shafin 'yata nake cinyewa ba.

Haka muka yi ta yi. Kowace safiya sai ta ɗan ƙara wani abu, wani lokacin jimla biyu, wani lokacin har ruwan ya huce. Ba ta taɓa kallon asabarin ba. In wani ya shigo gidan sai ta juya zancen ya koma waƙar raino. Ta gaya wa takwararta cewa yarinyar nan ba ta barci sai an kama mata kunne. Ta ce tana da tabo a bayan gwiwa, garwashi ne ya tsallako daga murhu, kuma har yau uwar ba ta yafe wa kanta ba. Na ɗaga zanena na duba, ga tabon nan, wanda na yi ta zaton faɗuwa na yi a makaranta.

Ranar labarin haƙori ta daɗe. "Zazzaɓi ya rufe ta, takwara, jikinta kamar an sauke tukunya. Uwar ta rasa yadda za ta yi, don in ta ce a kai ta ɗakin shan magani za a ce tana rawar kai a kan 'yar fari. Sai ta goya ta, ta ce wa mutanen gida akuyarta ce ta ɓata za ta je nema. Da ƙafa ta je har cikin gari aka yi wa yarinyar allura. Da ta dawo aka ce ina akuyar, ga ta nan kuwa a turke tana cin harawa." Inna ta yi 'yar dariya. Shafin haƙori ya cika har ƙasa, na juya na ci gaba a bayansa. Da mai ruwan hodar na ɗauka, da akuyar ba ta samu wuri ba.

Wata safiya kuma ta ce, "Kin san abin da ta fara faɗa? Inna. A tsakar gidan nan, surukar uwar tana zaune, ga baƙi. Ta rarrafo ta kama zanen uwar ta ce Inna. Amsawa ba dama. Uwar ta ji kamar ta haɗiye harshenta, sai ta yi tari. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. Daga ranar kullum ta kira sai a yi mata tari, ita kuma ta yi dariya. Amsarsu ke nan, su biyu suka sani. Da ta girma ta manta, takwara. Uwar dai ba ta daina ba."

Biron ya faɗi daga hannuna. Duk gaisuwar da na yi a rayuwata, duk tarin da na ɗauka kora ce, suka dawo mini lokaci guda. Na miƙe zan ɗaga asabarin, sai gwaggo, da ke zaune a bakin gado tana ninke kayan jaririya, ta kama wuyan hannuna.

"Zauna," ta ce a hankali. "In kika fita ba za ta ƙara ba. Hanyar da ta samu ke nan, ki bar mata."

Na zauna. Na cusa gefen zane a baki don kada a ji ni a waje.

Ana gobe za mu yi arba'in ta ba da labarin yaye. Ba ta ja shi ba. Ta ce ranar da aka zo ɗaukar yarinyar a amalanke, uwar ta ce za ta gona tsinko yakuwa. Ta shiga cikin dawa ta riƙa bin amalanken ta gefe, inda ba a ganinta, tana jin kukan yarinyar, har gonakin ƙauyen suka ƙare. A nan ta tsaya. "Nono yana ta zuba, takwara, ga ba wanda za a ba. Ta dawo gida ba yakuwa, ba kuma wanda ya tambaye ta." Daga nan ta zubar da ruwan wankan, ta mayar da kujerar ƙofar ɗakinta.

Da mota ta zo ɗaukarmu na durƙusa na yi mata sallama. Ta yi tarinta, ta gyara wa jaririyar hula, ta ce, "Takwara, ki riƙa zuwa." Na so in ce wani abu, amma ga mata cike da tsakar gida, kuma ban san da wane baki ake fara irin wannan maganar ba. Na ce a raina akwai lokaci.

A Gumel na ci gaba da littafin. Rabinsa ni ce a ciki. Da 'yata ta fara murmushi, da ta fara zama, da haƙorinta ya fito, sai dai in rubuta a gefe-gefe da ƙananan baƙaƙe, a inda waccan yarinyar ta rage mata. Maigidana ya ce in sa a sayo wani sabo, tunda wannan uwar ta ƙwace. Na ce a'a, su zauna tare.

Yarinyar tana rarrafe aka kira ni cewa Inna ta faɗi a bakin murhu. Hawan jini ne. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. An kai ta asibiti, aka yi abin da za a iya, aka dawo da ita ɗakinta. Na isa da la'asar na tarar ƙannena sun kewaye ta, kowa yana kiranta, ita kuwa sai dai ta juya ido. Na tsaya daga bakin ƙofa da goyona, inda na saba tsayawa tun ina ƙarama. Gwaggo ta tura ni ta baya.

"Matsa," ta ce. "Yau babu wannan."

Na sauke yarinyar a gefenta. Ta rarrafa ta kama ɗankwalin Inna tana ja, idon Inna ya bi ta. Na durƙusa a bakin gadon. Ban taɓa zama kusa da fuskarta haka ba, har ina ganin furfurar girarta. Duk abin da na tanada a hanya ya gudu. Abu ɗaya ya rage mini.

Na ce, "Inna."

Na ga maƙogwaronta yana motsi, tana ta ƙoƙari. Sai ta yi tari, ɗan ƙarami, busasshe, irin wanda na sani tun ina zuwa salla daga Gagarawa.

Ƙanena ya miƙe da sauri ya ce a kawo ruwa, ta sarƙe. Ni na san ba ruwa take nema ba. Na tattaro abin da ya rage mini na ƙarfi na yi dariya, kamar yadda yarinyar cikin koren littafin take yi. Dariyar ba ta fito daidai ba, hawaye sun ɓata ta, ƙannena suka juyo suna kallona kamar na zautu. Amma ta ji, don na ga gefen bakinta mai rai ya ɗan motsa.

Washegari da hantsi aka yi mata sutura.